Daga Taki Zuwa Haske: Abin Da Ya Hana Ma'aunin Leza Shiga Gonakin Kudan

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kudan, ko Maƙarfi, ko Ikara, ya san ranar rabon gona ba ranar wasa ba ce. Idan mai gida ya kwanta dama, aka yi sadakar arba'in, aka kau da amfanin gona, sai a sa rana. Dagaci ya turo wakili, liman ya zo, dattawan unguwa su hallara, magada kuwa kowa ya ja gefe ya zura ido ga ƙafar mai taki ko hannun mai jan igiya. A auna, a kafa turaku, a shafa fatiha, a watse. Amma sau da yawa ba a cika damina biyu sai ka ji an ce wane ya ci wa ƙanwarsa kunyoyi uku, ko kuwa wane ya tuge gambar iyaka ya matsar da ita. Daga nan sai zauren dagaci, sai gaban hakimi, sai kotu, zumuncin da aka gada kaka da kakanni ya lalace a kan abin da bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Alhali kuwa a yau akwai na'urar da ke auna nisa da hasken leza, wadda za ta faɗi tsawon gona da faɗinta kafin mutum ya ƙifta ido, kuskurenta kuwa bai kai kaurin ƙwayar dawa ba. To, me ya hana ta shigowa gonakinmu? Amsar da aka fi ji ita ce tsada, wasu kuma su ce jahilcin manomi. Ni dai ra'ayina, tsada gaskiya ce, zancen jahilci kuwa ƙazafi ne, sa'an nan babban abin da ya tare hanyar shi ne rashin yarda da mai awo da rashin harshen da za a yi bayanin awon da shi. Wannan kuwa ya sa mu 'yan Sashen Hausa muna da hannu a cikin maganar, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Yadda Ma'aunin Yake Aiki

Kafin mu shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kansa. Leza wani irin haske ne siriri wanda yake tafiya a miƙe kamar zare, ba ya bazuwa irin ta hasken fitila. Wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman shi ne ya fara kunna shi a shekarar 1960. Shi haske gudunsa sananne ne, watau kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka idan na'ura ta harba shi ya daki bango ya dawo, ta kuma ƙirga lokacin da ya ɗauka, sai ta raba tafiyar biyu, ta sami nisan ke nan. Idan bangon yana nisan mita 150, zuwa da dawowa ba zai ɗauki fiye da kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Da irin wannan dabara ce ake auna nisan wata, ta hanyar madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a kansa a 1969. Hasken yakan je ya dawo cikin kamar daƙiƙa biyu da rabi, nisan kuwa wajen kilomita 384,000 ne.

Na'urorin da suka shafe mu iri huɗu ne. Akwai ta hannu, mai kamar girman wayar salula, wadda kamfanin Leica ya fara fitar da irinta a 1993, magina da kafintoci suka fi amfani da ita. Akwai ta ma'aikatan safiyo, wadda ake girkewa a kan ƙafa uku, tana auna nisa da kusurwa gaba ɗaya, yaron safiyo yana riƙe da sandar madubi a can ƙarshen gona. Akwai wadda ake ɗaura wa jirgin sama ko jirgi marar matuƙi, tana zubo haske ƙasa sau dubbai a daƙiƙa, ta fitar da taswirar tudu da kwari na gunduma guda. Ta huɗu ita ce ta baje ƙasa: a kafa fitilar leza a gefen gona tana juyawa, tarakta tana jan wani babban cebur mai ido, idon yana bin hasken, cebur ɗin yana kankare tudu yana cike kwari har filin ya kwanta daidai.

Ko Muna Bukatarsa?

Wani zai ce, kakanninmu sun rayu da taki da igiya, me ya yi zafi? Amsar ita ce, lokacin da gona take da yawa mutane kaɗan, kuskuren taki biyar ba ya tada hankalin kowa. Yanzu kuwa gandun da mutum ɗaya ya noma jiya, jikoki ashirin ke kallonsa yau. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce takin wani santimita 75 ne, na wani kuma 85. Kowannensu ya taka ɗari a tsawo ɗari a faɗi. Na farko ya auna murabba'in mita 5,625, na biyu 7,225. Bambancin 1,600 ne, watau kusan kashi biyu cikin biyar na eka, ga shi kuwa dukkansu za su rantse cewa taki ɗari suka yi, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Wanda irin wannan kuskure ya fi cuta shi ne mai ƙaramin rabo, watau mace da maraya, domin abin da aka gutsure a babbar gona ba a gane ba, a ƙaramar gona rabin abinci ne.

Ba rabon gado kaɗai ba. Shawarar da masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke bayarwa game da takin zamani da iri da maganin feshi, duk a kan hekta ake lissafa ta. Manomin da bai san girman gonarsa ba, ko dai ya yi ɓarnar takin da ya saya da tsada, ko ya ƙware shukar. Haka nan mai karɓar hayar fadama, da mai jingina, da mai neman rancen banki. Sa'an nan ga noman rani, wanda shi ne taƙamar wannan yanki: raken Maƙarfi da mazarƙwailarta, da tumatirin Ikara, da inabi da kayan lambun Kudan da Hunƙuyi. Mai ban ruwa da injin fetur ya san idan fili bai kwanta ba, wani fangali ya sha har ya ƙoshi, wani yana ƙishi, man kuwa yana ta ƙonewa. A jihohin Punjab da Haryana na ƙasar Indiya, manoma sun rungumi baje ƙasa da leza tun cikin shekarun 2000 saboda rage ɓarnar ruwa da mai. Ashe bukata akwai ta.

Wasu kuma sukan ce ai wayar hannu ma tana auna gona ta hanyar tauraron ɗan'adam, kuma malaman gona suna yi. Haka ne, amma wayar takan kauce da mita uku ko fiye. A babbar gona wannan ba komai ba ne. A fili mai mita 50 kowane gefe kuwa, idan aka ƙara mita 3 a tsawo da faɗi, an kumbura shi da kashi 12 cikin ɗari. Wannan ya isa lissafin buhun taki, amma bai isa raba 'yan'uwa biyu da suke hararar juna ba.

Cikas Na Fili

Na farko shi ne kuɗi. Dukkan waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 kafin watan Yunin 2023, ta haura Naira 1,400 a farkon 2024. Ta hannu dai mai ɗan hali zai iya saya, amma ta safiyo da ta jirgi sun fi ƙarfin manomi, sun ma fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyin manoma. Kuma sayen ba shi ne ƙarshen wahala ba. Akwai cajin batir a garin da wuta sai ta ga dama, akwai gyara, akwai kai na'urar a daidaita ta lokaci-lokaci don kada ta riƙa yin ƙarya ba a sani ba. Mai gyaran injin ban ruwa yana nan a kowace kasuwa daga Hunƙuyi har Paki, amma mai buɗe cikin na'urar safiyo sai an yi doguwar tafiya.

Na biyu shi ne yanayin ƙasarmu. Haske ba ya ratsa abu, dole ne na'ura ta hango abin da take aunawa. Da damina dawa da masara sun fi tsawon mutum, rake kuwa ya fi su duhu. Saboda haka lokacin awo shi ne bayan girbi, wanda kuma shi ne lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke cika sararin sama tana warwatsa hasken, tana rage masa nisan zango, tana kuma shiga idon na'urar. Da bazara kuwa tsananin rana yakan ɓatar da jan ɗigon na'urar hannu har mai awo ya kasa ganin inda ya saita. Ita ma ta baje ƙasa tana son fili mai faɗi inda tarakta za ta juya, mu kuwa gonakinmu gado ya yanyanka su.

Na uku shi ne doka. A ce wani saurayi a Likoro ya sayi na'ura ya ƙware da ita. Alƙaluman da ya fitar ba za su zama taswirar da hukuma ke karɓa ba sai da sa hannun safiyo mai rajista, bisa ga dokar 1989 da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a. Takardar mallaka kuma a Jihar Kaduna tana bi ta hukumar KADGIS wadda aka kafa da dokar 2015. Mai son tada jirgi marar matuƙi kuwa, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Ba na cewa waɗannan dokoki ba su da dalili. Abin da nake cewa shi ne, dukkan ƙofofin nan a birni suke, gonar kuwa tana ƙauye.

Cikas Na Ɓoye

Waɗannan uku duk kuɗi da tsari za su iya maganinsu. Akwai na huɗu wanda kuɗi ba ya sayensa, shi ne yarda. Ya kamata mu tambayi kanmu, a tarihin talakan ƙasar Hausa, yaushe baƙo ya taɓa zuwa ya auna gona alheri ya biyo baya? A farkon zamanin Turawa, a ƙasar Kano da muke iyaka da ita da wasu masarautu, an tura malaman taki suna bin gonaki suna aunawa, domin a yanka wa kowa haraji gwargwadon abin da ya noma. Aka wayi gari awo da haraji sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a zuciyar manomi. Harajin nan bai bar wuyan talakan Jihar Kaduna ba sai a 1979, lokacin da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke shi tare da jangali. A 1978 kuma aka yi dokar da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, da ikon karɓe fili idan an ce don amfanin jama'a ne. Sa'an nan ga abin da ya faru a Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, inda aka auna gonaki, aka baje su saboda aikin ban ruwa, itatuwa da alamun iyaka suka tafi, manoma suka shiga neman filayensu da diyyarsu, har abin ya kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980.

To, dattijon da ya ji wannan daga bakin ubansa, ko ya gani da idonsa, idan ya hango mutane da ƙafa uku da sandar madubi a bakin gonarsa ya tsuke fuska, jahilci ne? Ko kusa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Shi a saninsa, bayan mai awo, ko dai mai karɓar kuɗi ya zo, ko mai karɓar gonar.

Har wa yau, akwai wani abu da masu ɗokin na'ura suke mantawa. Ma'aunin leza yana faɗin nisan da ke tsakanin wuri biyu, amma bai san inda iyaka take ba. Sai an nuna masa. Iyakar gonar Bahaushe kuwa tana jikin gamba, da jema, da bini-da-zugu, da tsohuwar ɗorawa, da suri, da kuma ƙwaƙwalwar dattawan da suka ga ranar da aka kafa su. Idan aka girke na'urar a gurbin ƙarya, za ta fitar da ƙarya mai alƙaluma, wadda ta fi ta baki wuyar warwarewa, domin an buga ta a takarda an sa hatimi. Igiya kuwa, duk da kuskurenta, tana da wata falala guda: kowa yana ganinta. Makaho ma zai iya shafa ta ya ƙirga ƙullinta. Na'ura kuwa mutum ɗaya ne yake leƙa ta, ya ɗago kai ya faɗi lamba da Turanci. Hausawa sun ce gani ya kori ji, mu kuwa muna so manomi ya bar abin da yake gani ya kama abin da aka gaya masa.

Nan ne maganar harshe ta shigo. Bahaushe yana da taki, da kamu, da zira'i, da gaba, yana ƙirga aikin ƙodago da kunya, yana ƙiyasta gona da yawan damin da take bayarwa. Na'ura kuwa mita ta sani. Tsakanin waɗannan biyu babu gadar da aka gina. Dubi kalmar kadada ma kawai: wani ya faɗe ta yana nufin eka, wani yana nufin hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Idan malamin gona ya ce a zuba buhu kaza a kadada, shi da manomi kowa ya tafi da tasa fahimtar. Wannan ba laifin injiniya ba ne. Gyaran irin wannan ruɗani aikin masu nazarin harshe ne, watau mu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, a daina tunanin kowane manomi sai ya mallaki na'ura. A Indiya ma yawancin manoma haya suke ɗauka, a biya mai tarakta kuɗin awa. Mu ma ba baƙin wannan tsari ba ne, da haya muke sussukar masara, da haya muke matse rake. Ƙaramar Hukumar Kudan, wadda aka kafa a 1996 da hedkwata a Hunƙuyi, da 'yan'uwanta na Maƙarfi da Ikara, kowace za ta iya ajiye na'urar safiyo ɗaya da ma'aikaci mai rajista, a sa kuɗin awo sananne a manna a ƙofar ofis. Masu fadama da ke maƙwabtaka kuma su haɗa kai a baje filayensu rana ɗaya, bayan an rubuta iyakar kowa a gaban shaidu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, kada na'ura ta zo a matsayin kishiyar dattawa. Ta zo a matsayin mai yi musu hidima. Dagaci da maƙwabtan gona huɗu su fara nuna iyaka su amince, sa'an nan a auna. A ranar kuma a zo da igiya, a ja ta a gefe ɗaya a gaban kowa, a gwada da abin da na'ura ta faɗa. Idan mutane suka ga sau biyu sau uku maganarsu tana zuwa ɗaya, su da kansu za su ajiye igiyar. A kuma karanta sakamakon da Hausa, a ba mai gona kwafensa da boko ko da ajami, a gaya masa ƙarara abin da za a yi da wannan awo da abin da ba za a yi da shi ba.

Na uku ya rataya a wuyanmu. Tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 har zuwa cibiyoyin nazarin harsuna na jami'o'inmu, an yi ƙoƙari wajen samar da kalmomin nahawu da adabi da mulki, amma fannin awon ƙasa yana nan kusan fayau. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashen koyar da safiyo, ga Samaru da masana aikin gona da masu wayar da kan manoma, duk ba su fi tafiyar awa guda daga Kudan ba. Me zai hana ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya tafi Doka ko Gazara ko Saulawa, ya zauna da dattawa, ya tattara kalmomin awo da na iyaka da na cinikin gona, ya gwada kowace da mita? Me zai hana malamanmu su zauna da malaman safiyo su yanke hukunci a kan kadada, su kuma fitar da ɗan littafin da zai bayyana aikin ma'aunin leza da Hausar da mai rake zai gane? Da karatun nan namu, kuɗin rake da tumatir ne suka biya wa da yawa daga cikinmu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Kammalawa

A taƙaice, tsada da ƙura da nisan ofis duk suna tare wa ma'aunin leza hanya, kuma ba a raina su ba. Amma ko da gobe aka wayi gari an raba na'urar kyauta a kasuwar Maƙarfi, ba za ta kashe rigimar iyaka ko ɗaya ba muddin mai gona yana zargin mai awo, kuma ba ya jin abin da ake faɗa a kan gonarsa. Manomin Kudan da ya karɓi injin ban ruwa, ya karɓi wayar salula, ya koyi noman inabi wanda kakansa bai taɓa yi ba, ba shi ne za a ce yana gudun sabon abu ba. Abin da ya ga amfaninsa, ya kuma fahimce shi, ba ya jiran a roƙe shi. Saura da me? Saura a yi masa bayani da harshensa, a gaban dattawansa, a kuma riƙe masa amana. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu za su dubi wannan magana, wanda ya ga inda na kauce ya gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.